Kyamara a kan Arduino Uno: wa ya taɓa haɗawa ta yi aiki?

Dan_Kusugu
Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar lantarki. Ina kiwon kaji a bayan gidanmu nan Daura, kuma akwai Arduino Uno, ɗan allon lantarki da ake loda wa umarni, da na haɗa wa akurkin 'yan tsaki, yana auna zafi da na'urar DHT22, idan sanyi ya sauko ya kunna musu ƙwan fitila ta rile, wato makunnin da allon ke sarrafawa. Wannan yana tafiya lafiya. Damuwata wani abu ne ke ɗauke mini 'yan tsaki da dare. Da safe in ƙirga in ga babu ɗaya ko biyu, ba jini, ba gashi, ba komai. Na sa an kawo mini kyamara OV7670 daga Kano, mai ƙafa 18, ina so in jona ta a kan Uno ɗin ta riƙa ɗaukar hoto tana ajiyewa a katin memori. Wa ya taɓa yi? Wace ƙafa ke zuwa ina?

InjiniyaKT
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kafin maganar ƙafafu mu yi lissafi, don kada ka kwana kana jona waya a banza. Ƙwaƙwalwar da ke kan Uno ATmega328P ce, RAM ɗinta, inda take riƙe bayanai lokacin aiki, kilobait 2 ne, wato bait 2,048. Kyamararka tana ba da hoto 640 a 480, kowane ɗigo mai launi yana cin bait 2. Ka ninka, bait 614,400 ke nan hoto ɗaya. Ko ka matse shi zuwa 160 a 120, baƙi da fari, bait 19,200 ne, ya ninka abin da Uno zai iya riƙewa fiye da sau 9. OV7670 kuma ba ta iya matse hoto ya zama JPEG da kanta, ɗanye take zubo shi, kuma mai ƙafa 18 ba ta da ma'ajiyar kanta da za ta riƙe maka shi ka kwasa a hankali.

Sai ƙafafun. Layin bayanai 8 ne, D0 zuwa D7, ga layukan daidaita lokaci, VSYNC da PCLK da XCLK, ga 2 na saita kyamarar. 13 ke nan ko da ka bar layin HREF. Katin memori na son 4. DHT22 da rile 2. Uno ƙafa 20 gare shi gaba ɗaya, 2 kuma na magana da kwamfuta ne. Ka gani ai.

Dan_Kusugu
To fa. Injiniya kana nufin kuɗina sun tafi?

Sadiq_Poly
Ba su tafi ba. Yallaɓai @InjiniyaKT lissafinka daidai ne amma kada a ce ba ya yiwuwa, mun yi shi a makaranta kuma hoto ya fito. Dabarar ba a ajiye hoton a Uno. Ana karanto ɗigo-ɗigo ana tura wa laftof ta kebul ɗin USB, wata manhaja a can ta jera su. Uno ne ke ba kyamarar bugun XCLK na 8MHz, sai a sa rizisto a rage ƙarfin saboda ita 3.3V take so, shi kuma 5V yake fitarwa. Mun ga fuskokinmu baƙi da fari a 320 a 240.

InjiniyaKT
Ƙanena, a cikin daƙiƙa nawa hoto ɗaya ke isowa? 320 a 240 bait 76,800 ne. A gudun tura bayanai na 115200 kusan daƙiƙa 7. Kun ɗaga gudun, na sani, amma duk da haka laftof ke riƙe hoton. Shi mutumin nan laftof zai kwanar a akurkin kaji?

Sadiq_Poly
Ni dai na ce yana yiwuwa, ban ce ya dace da kaji ba.

Mai_Dalma_KofarKaura
Ku bar wahalar da bawan Allah. Malam ka nemi ESP32-CAM, na AI-Thinker. Allo ne ɗan ƙarami, kyamararsa OV2640 a jiki, megafiksel 2, tana kaiwa 1600 a 1200, kuma ita da kanta take matse hoton ya zama JPEG kafin ya fito. Wannan shi ne babban bambancin. Yana da RAM kilobait 520 da ƙarin PSRAM megabait 4, da ramin katin memori, da WiFi, da fitilar filasha. Uno ɗinka ka bar shi ya ci gaba da aikin ɗumama 'yan tsaki, kada ka taɓa abin da ke aiki. Ka ba kyamara allonta daban.

Hajiya_Maikaji
Ni ban san komai a kan allunanku ba, ɗana ne ya sa ni a zauren nan saboda injin ƙyanƙyasa. Amma kaji na sani. Ɗana @Dan_Kusugu, idan ba jini ba gashi, ka duba maciji ko gafiya. Muzuru yakan bar ɓarna, za ka ga fiffike ko ƙafa a gefe. Tunku kuma idan ya shiga ba ɗaya yake kashewa ba. Ka duba ƙasan akurkin ko akwai rami, sannan ragar da ka sa wane irin ido gare ta? Idan yatsunka biyu na shiga, to ɓarawonka ma na shiga.

Dan_Kusugu
Na gode Hajiya. Ragar mai faɗin ido ce gaskiya. Rami ban gani ba, amma akwai tarin bulo a jingine da katanga.

Hajiya_Maikaji
To ka fara da kwashe bulon nan.

Baba_Mai_Rediyo
Yaro, mi kake nema da kyamara? Ka tankaɗe toka ka barbaɗa ta kewaye da akurkin bayan isha'i. Da asuba ka taho da tocila ka duba sawu. Maciji ja zai bari, gahiya ƙahwa da layin wutsiya, mutum kuwa takalmi. Mu da muka yi zamanin rediyo mai bawul ba mu ƙi sabon abu ba, amma toka ba ta son caji.

KofarSauri_Boy
Baba ya kashe zancen. A rufe zaure kowa ya tafi neman toka.

Dan_Kusugu
Baba zan yi tokar yau in sha Allahu. Amma kyamarar ma ina so, don in koya. @Mai_Dalma_KofarKaura na duba hoton ESP32-CAM ɗin, ban ga inda ake soka USB ba. Ta ina ake loda masa kod?

Mai_Dalma_KofarKaura
Ba shi da shi, nan ne mutane ke fara yin fushi. Hanya 2 ce. Mai sauƙi, ka saye shi tare da ɗan allon da ake ɗora shi a kai, ESP32-CAM-MB, shi yana da ramin USB, ka soka kawai. Idan babu, ka nemi FTDI ko CP2102, ɗan allon da zai haɗa shi da USB na kwamfuta. U0R na allon zuwa TX, U0T zuwa RX, ƙasa da ƙasa (GND), 5V da 5V. Sai ka haɗa IO0 da GND da 'yar waya, ka danna maɓallin RST, ka loda. Idan ya gama ka cire wayar IO0 ka sake danna RST, in ba haka ba zai zauna yana jiran sabon kod har gobe.

A Arduino IDE, manhajar rubuta kod a kwamfuta, ka sa allunan Espressif, kamfanin da ke yin ESP32, ka buɗe misalin CameraWebServer, ka zaɓi CAMERA_MODEL_AI_THINKER ka rufe sauran, ka rubuta suna da kalmar sirrin WiFi ɗinka. Ka buɗe Serial Monitor a 115200, zai nuna maka lambar adireshi, ka rubuta ta a burauzar wayarka, sai ga bidiyo.

Ummi_Kod
Ƙari a kan wannan: ESP32 ba ya ganin WiFi na 5GHz, 2.4GHz kawai. Wayoyi da yawa yanzu idan ka kunna hotsfot akwai wurin zaɓa. Idan ka ga ɗige-ɗige suna ta jeruwa a Serial Monitor ba ya haɗuwa, can za ka fara dubawa. Kuma bidiyon tsakanin allo da waya yake yawo, ba ya cin data matuƙar kuna kan hotsfot ɗaya. Sai ka ce ya tura hoto Telegram ne zai taɓa data.

Sadiq_Poly
Kuma Uno ɗin da kuke rainawa ana iya loda wa ESP32-CAM kod da shi. Ka haɗa RESET ɗinsa da GND ya zama gada kawai. Sai dai layinsa 5V ne, a sa rizisto a kan wanda ke shiga U0R.

Bakatsine_a_Legas
Ni abin da ya ci mini rai da allon nan wuta ce. Na loda lafiya, da ya zo kunna WiFi sai ya rubuta "Brownout detector was triggered" ya sake tashi, ya sake, ya sake. Na zaci allon ne ya lalace, na mayar wa mai shago, ya gwada a gabana ya yi aiki. Ashe kebul ɗina ne, irin siraran nan da ake sayarwa a go-sulo. Lokacin da WiFi ke tashi yana fizgar wuta da ƙarfi, idan wayar siririya ce ko doguwa sai ƙarfin ya faɗi. Da na sa gajeren kebul mai kauri da cajar 5V mai 2A shiru kake ji. Na kuma like kapasita 470µF tsakanin 5V da GND kusa da allon.

Za ka ga wasu a intanet na cewa a rubuta layi ɗaya a kashe mai gadin faɗuwar wutar. Saƙon zai ɓace, amma wutar na nan tana faɗuwa, sai ka riƙa ganin layuka a hoto ko kati ya lalace.

InjiniyaKT
Wannan gaskiya ne. A takardar allon an rubuta kusan 180mA idan filasha a kashe, 310mA idan a kunne. Ƙafar 3.3V ta Uno kuwa 50mA aka ce kada a wuce. Saboda haka kada ma ka yi tunanin ciyar da shi daga can.

Malam_Gobarau
Salamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu. Akwai abin da ba a taɓo ba. Ɗan'uwa ka ce akurkin a bayan gida yake, jikin katanga. Ina kyamarar za ta kalla? Gidajenmu a manne suke, katanga gajera, mata na harkokinsu a tsakar gida. Idan ka ɗaga ta sama don ta ga ko'ina, za ta leƙa gidan maƙwabci, kuma ko naka gidan akwai iyali. Allah Ya hana mu leƙen asirin juna a Suratul Hujurat. Ka sa ta ƙasa-ƙasa, ta fuskanci akurki kaɗai, ka kuma gaya wa mutanen gida akwai ta.

Ummi_Kod
Malam ya yi gaskiya, kuma ta ɓangaren fasaha ma akwai magana. Misalin CameraWebServer ba shi da kalmar sirri ta kansa. Duk wanda ke kan WiFi ɗin, idan ya san adireshin, zai kalla. Gidan da yaran unguwa suka san kalmar sirrin hotsfot, to sun samu talabijin kyauta.

Dan_Kusugu
Allah Ya saka da alheri Malam. A cikin akurkin zan sa ta, daga sama tana kallon ƙasa. Ba abin da za ta gani sai buntun shinkafa da kaji.

KofarSauri_Boy
Idan kuma hoto ya fito aka ga silifas ɗin ƙanenka fa? A turo mana nan.

Admin_Zaure
A yi wasa da hankali. Kuma don Allah masu turo tallar sola da inbata, ba nan ba ne, na goge guda biyu.

Mai_Dalma_KofarKaura
Mu koma kan aiki. Akwai matsalar da ta fi duk waɗannan: dare. OV2640 a duhu makauniya ce. Filashar da ke jikin allon tana kan GPIO4, tana da haske sosai, amma fara ce, za ta riƙa firgita kajin, ɓarawon ma ya gudu. Kuma wannan ƙafar katin memori ma na amfani da ita, shi ya sa za ka ga fitilar na walƙiya duk lokacin da ake rubutu a kati. Maganinsa ka buɗe katin a yanayin layi 1, sai GPIO4 da 12 da 13 su kuɓuta.

Don ganin dare ana sayar da OV2640 wadda ba ta da matatar infrared, za ka ga an rubuta 850nm. Ka haɗa da 'yan fitilun infrared, ita tana gani, ido ba ya ganin komai sai ɗan ja-ja a bakin fitilar. Da rana launinta zai koma ruwan hoda, amma ai ba hoton biki za ka ɗauka ba.

Dan_Kusugu
Ai akwai ƙwan fitilar ɗumama a ciki, yana kunnuwa da dare.

Mai_Dalma_KofarKaura
Au, haka ne fa. To idan mai haske ne ka huta, ta yau da kullum ma ta isa. Sai dai lokacin da rile ya kashe shi za ka samu baƙin hoto. Ka ƙara ɗan ƙaramin LED da ba ya mutuwa.

Abba_Dutsinma
Ni shawarata ka sa PIR, HC-SR501, a GPIO13. Allon ya yi barci, idan abu ya motsa ya farka ya ɗauka ya koma. Haka na yi a shagonmu, batir na daɗewa.

Hajiya_Maikaji
Wannan abin motsi yake ji? To ai 'yan tsaki ba sa daina motsi, musamman idan fitila na kunne. Kwana suke suna ci.

InjiniyaKT
Hajiya kin riga ni. PIR motsin abu mai ɗumi yake ji, kajin da kansu za su riƙa tayar da shi, ga zafin ƙwan fitila na kunnuwa yana mutuwa. Idan kuma maciji ne, jikinsa kusan ɗaya yake da zafin wurin, zai iya wucewa PIR bai sani ba. Sannan daga farkawa zuwa ɗaukar hoto akwai ɗan jinkiri, hoton farko ma sau da yawa duhu ne ko kore-kore kafin kyamara ta daidaita haske. A shago da mutum ke shigowa yana da kyau, @Abba_Dutsinma, a akurki a'a.

Ni da ni ne, ba PIR ba WiFi. Hoto ɗaya duk daƙiƙa 10, kai tsaye zuwa kati. Awa 10 hoto 3,600 ke nan. Ko kowanne ya kai kilobait 50, megabait 180 ne kawai. Katin gigabait 4 ya ishe ka, a yi masa fomat FAT32. Da safe ka zare ka duba a waya. Tunda WiFi a kashe yake, matsalar @Bakatsine_a_Legas ma ta ragu.

Abba_Dutsinma
Wa zai zauna duba hoto 3,600 Injiniya?

InjiniyaKT
Ba duka za ka duba ba. Ka buɗe na tsakiya ka ƙirga tsaki. Idan sun cika, ɓarnar tana gaba, ka tsallaka tsakiyar rabin da ya rage. Kafin buɗewa 12 ka iso wurin.

Ummi_Kod
Daƙiƙa 10 ta yi yawa ga gafiya, za ta shiga ta fita tsakanin hoto biyu. A mayar 2 ko 3, katin zai ɗauka.

Bakatsine_a_Legas
Ku tuna da ɗauke wuta. Idan fawa bank za ka sa, da yawansu suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Allon da ke barci a takarda kusan 6mA yake ja, sai fawa bank ya ɗauka an cire waya ya mutu. A tsarin Injiniya da ba barci wannan ba zai faru ba. Masu son barci su yi amfani da batir 18650 da allon cajinsa TP4056 da ɗan allon ɗaga wuta zuwa 5V.

Baba_Mai_Rediyo
Kun manta ƙura. Wanga lokaci na hunturu, ga ƙurar kaji, kwana kaɗan idon kyamarar zai dushe. Ka sa ta cikin robar abinci mai murhi, ka huda daidai idon, ka huda ƙanana daga ƙasa don iska. Allon nan yana zahi, na taɓa na wani yaro da ya kawo mini gyara. In bazara ta zo, ƙarƙashin kwano, sai ka yi mishi inuwa. Kuma ka lura da fileks ɗin kyamarar, siririyar wayar da ke haɗa ta da allon, ka ɗaga ɗan baƙin maƙullin da farce, ka tura shi ya zauna sosai kahin ka rufe. Rabin masu cewa kyamara ta mutu, fileks ne bai zauna ba.

Mai_Dalma_KofarKaura
Baba ashe dai kana ciki. Gaskiya ne, idan ka ga "Camera init failed" fileks za ka fara dubawa, sai zaɓin sunan allo a kod, sai wuta. Wani abu kuma, lokacin saye ka karanta rubutun da ke kan fileks ɗin. Yanzu ana kawo wasu da kyamarar da ba OV2640 ba. Idan OV3660 ce ba laifi, tana JPEG. Amma akwai wadda ba ta yi, sai ka loda misalin ya ce ba ya goyon bayan JPEG, ka shiga wata wahalar. Ka ce wa mai kawo maka ya ɗauko hoton rubutun kafin ya biya.

Nura_Jibia
Tambaya daga gefe. Ba wanda ya ambaci tsohuwar wayar Android. Kowa na da ɗaya a durowa mai fasasshen gilashi. Kyamararta ta fi OV2640 nesa ba kusa ba, tana da batir, akwai manhajojin ɗaukar hoto lokaci-lokaci. Me ya sa za a sayi sabon abu?

KofarSauri_Boy
Idan ɓarawon mai ƙafa biyu ne ya samu tsaki da waya.

Nura_Jibia
Wannan kuma haka ne. Sai dai batirin tsohuwar waya da ke kwana a caji kusa da fitila mai zafi shi ya fi ba ni tsoro, yana kumbura.

Sadiq_Poly
Ni har yanzu ina kan OV7670 ɗin da ya riga ya saya. Kada ta tafi a banza. Allon Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021 yana da RAM kilobait 264, 3.3V yake aiki kamar kyamarar, ba ruwanka da rizistocin rage wuta, kuma yana da wani sashe, PIO, da ke kwasar layukan nan 8 da sauri. Hoto 320 a 240 mai launi bait 153,600 ne, ya shiga har da saura. Idan kuma dole sai Uno, akwai ArduCAM Mini, OV2640 ce da ma'ajiyarta, tana magana ta SPI, Uno na kwasa kaɗan-kaɗan yana zubawa a kati.

InjiniyaKT
Duka biyun gaskiya ne. Amma ArduCAM ta fi ESP32-CAM tsada, Pico kuma sai ya zauna ya koyi rajistocin OV7670, wato saitunan cikinta, wanda ba aikin mako ɗaya ba ne ga mai farawa. Kafin nan tsakin sun ƙare.

Sadiq_Poly
Shi ya ce yana so ya koya.

Dan_Kusugu
Kowa na da gaskiyarsa. Ga inda nake. Na kwashe bulon kamar yadda Hajiya ta ce, na samu ɗan rami a gindin katanga na toshe da siminti. Tokar Baba na barbaɗa, amma iska ta taso cikin dare ta share rabi, abin da ya rage sawun kajin gidan ne da suka riga ni fitowa. Jiya ba a ɗauki ko ɗaya ba, ban sani ba ko ramin ne ko ɓarawon ne ya huta. Na yi magana da wani direba da ke zuwa Kano zai karɓo mini ESP32-CAM da allon MB. OV7670 na ajiye, @Sadiq_Poly idan ka shigo Daura ka zo mu gwada ta.

@InjiniyaKT tambaya ɗaya: idan ba WiFi, ta yaya allon zai san lokaci ya rubuta a sunan hoton? Ina so in san ƙarfe nawa abin ke zuwa.

InjiniyaKT
Ba zai sani ba. Ko ka sa masa agogo DS3231, ko ka bar shi ya haɗu da hotsfot sau ɗaya lokacin kunnawa ya ɗauki lokaci daga intanet sannan ya kashe WiFi. Mafi sauƙi, ka sa wa hotunan lamba a jere, ka rubuta ƙarfe nawa ka kunna, ka yi lissafi. Ka dai tabbata lambar na ci gaba daga inda ta tsaya idan allon ya sake tashi, kada ya koma 1 ya taka hotunan farko.

Hajiya_Maikaji
Ko ka rataye agogon bango a cikin akurkin inda kyamarar ke gani. Ragar fa, ka canza?

Dan_Kusugu
Ban canza ba tukuna Hajiya, sai ranar kasuwa.

Abba_Dutsinma
@Ummi_Kod kod ɗin tura hoto Telegram da kika ambata, yana aiki tare da kati a lokaci ɗaya? Nawa idan na haɗa biyun sai ya tsaya bayan hoto na farko.